Littafin Gwaggo da ɗan lambun bayan ɗaki

Lahadi, 21 ga Afrilu 2024

Yau na sayi littafin rubutu mai shafi ɗari biyu na tafi Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, wurin Gwaggo. Ita ce yayar babanmu, kuma ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka ga kakarmu tana haɗa magani. Ta daɗe tana ungozomanci kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Tun cikin azumi nake saƙa abin nan a raina, ranar da ta lissafa mini saiwoyi uku na maganin shawara ta kasa tuno ta huɗu. Ta yi dariya ta ce tsufa ne. Ni kam dariyar ba ta zo mini ba.

Niyyata biyu ce: in rubuta abin da ta sani, in kuma shuka abin da zai shuku a bayan ɗakina a Garin Malam. Na biyun ne mai wuya. Duk ɗan Damagaram ya san ƙasar garin nan, kana sara sau uku sai dutse ya amsa maka. Ga ruwa, a wannan bazara famfo sai tsakar dare yake tari, in ma ya ga dama. Na ajiye bokiti biyu, ɗaya na tarar ruwan alwala, ɗaya na ƙasari, da su za a yi ban ruwa.

Gwaggo ta zayyano mini sunaye goma sha huɗu a zama ɗaya: sabara, kalgo, bagaruwa, filasko, maɗaci, marke, hano, garafuni da sauransu. Duk wanda ta faɗa sai in ce, "Gwaggo, nawa ake sawa?" Sai ta ce, "Daidai." Na sake tambaya, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, malamar lakwal ce ke ko 'yar sanda?" Na rubuta "daidai" sau goma sha huɗu na dawo gida.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na ci kasuwar Mirya. Kilomita 18 ne kacal, amma da ka ga koren lambunansu sai ka rantse ba ƙasa ɗaya muke ba. Na samo irin zogale, da dashen na'ana'a da ɗoɗɗoya a cikin leda, da reshen lalle guda biyu.

Na daɗe a gaban wani dattijo mai sayar da sassaƙe. Na ce, "Baba, maɗacin nan na ina ne?" Ya ce daga kudu ake kawo masa, na kusa duk an kashe su da fiɗa. Da na ba Gwaggo labari ta ce a zamaninsu ba a zagaye itace da gatari. Ka sassaƙi tafin hannu ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma, ka shafe wurin da ƙasa, ka bar shi sai baɗi. Ita ta ce ladabi ne ga itacen. Ni da nake koyar da yara kimiyya na san abincin da ganye yake dafawa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, in an yanke ɓawon ya zagayo, saiwa ta mutu da yunwa. Akwai dogonyaro biyu a layinmu da aka yi wa haka, suna nan tsaye sun bushe ƙayau.

Alhamis, 30 ga Mayu

Zogale goma sha ɗaya sun tsiro cikin kwana tara, sun kai taƙi ɗaya, akuyar maƙwabta ta shigo da hantsi ta yi karin kumallo da su. Uku suka tsira. Maigida ya kewaye wurin da ƙayar magarya yana dariya, wai ita ma lafiyarta take nema.

Lahadi, 23 ga Yuni

Wannan shafi da kunya nake rubuta shi, amma in na ɓoye shi littafin bai da amfani.

Bayan layya nama ya ɗaure mini ciki kwana uku. Na ce ga filasko a cikin littafi, me zan jira? Na damƙi cikin hannu guda na zuba a tukunya, na bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya yi baƙi, na shanye kofi cike bayan isha'i. Ban ji komai ba, har na ce ashe ƙarfinsa a baki yake. Wajen ƙarfe huɗu na asuba cikina ya murɗa kamar ana matse wanki. Kafin azahar na zaga sau tara, ƙafafuna na rawa, harshe ya bushe. Da ruwan gishiri da sukari na farfaɗo, lita guda, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ina kurɓa a hankali har yamma.

Da na samu ƙarfi na je na faɗa wa Gwaggo. Ba ta ce mini sannu ba. Ta jawo ƙullin filaskonta ta ce, "Nuna mini yadda kika ɗiba." Na nuna. Ta riƙe baki. "La'ilaha! Wannan ai na raƙumi ne." Sai ta sa yatsu uku ta tsakuro ɗan kaɗan ta ajiye a kan faifai kusa da nawa. Ta ce ba a dafa shi, jiƙa shi ake yi a ruwan ɗumi da tsamiya. Ba a ba mai ciki, ba a ba yaro ƙarami, ba a sha kwana biyu a jere, kuma wanda cikinsa ya kumbura yana ciwo yana amai ba a ba shi ko kaɗan, likita ake kai shi. Na ce, "Gwaggo, ai ba ki faɗa mini duk wannan ba." Ta ce, "Suna kika tambaya."

Na tsaya ina kallon tsibi biyun nan a kan faifai. Ashe "daidai" ɗin nan da na rubuta ina jin haushi, shi ne ilimin gaba ɗaya, kuma a yatsunta yake, ba a bakinta ba. Sunan filasko ko yaran unguwa sun san shi.

Washegari na shiga Kasuwar Dole na sayi ɗan sikeli irin na masu zinariya, jika huɗu. Tsakuren Gwaggo bai cika giram biyu ba. Damƙata ta haura giram goma sha biyar. Na kuma fahimci abin da ya yaudare ni: sinadarin ganyen ba ya aiki sai ya isa babban hanji, shi ya sa yake ɗaukar awa shida zuwa goma sha biyu. Mai gaggawa sai ya ce bai ji komai ba ya ƙara wani kofin. Allah ya tsare ban ƙara ba.

Na ja layi a kowane shafi, na raba shi huɗu: suna, awo, wanda ba a ba, da lokacin da ake bari a tafi likita. Aiki ya dawo sabo.

Talata, 9 ga Yuli

Ruwa ya zauna. Zogalen nan uku sun kai ƙuguna, na datse kansu don su yi rassa maimakon su zabga tsawo. Na'ana'a ta cika tsohuwar roba.

Abin da ban shuka ba ya fi wanda na shuka yawa. Tafasa ta fito ko'ina, kuma a cikinta akwai rai-ɗore. Na kira yara na nuna musu bambanci: ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, na rai-ɗore mai tsini ne, in ka murza shi yana wari. 'Ya'yansa guba ne ga dabba da yaro, don haka na tumɓuke shi duka. Tumfafiyar da ke gindin katanga ma na sa an cire, duk da Gwaggo ta ce tana da amfani. Nononta in ya shiga ido yana iya lalata shi, ni kuwa ina da ɗan shekara shida da ba ya ganin abu ya ƙyale.

Asabar, 3 ga Agusta

Ranar dashen itace. Kowa na dasa nasa, ni ina binne nawa: sabarar da na ciro daga gonar ƙanen maigida ta mutu a karo na biyu. Saiwarta nisa take yi cikin rairayi, ba ta son a taɓa ta. Na haƙura, a daji za a riƙa yanko ta. Gwaggo ta ce dama sabara ba 'yar gida ba ce.

Mun yi shafin bagaruwa. Da ita majeman garin nan suke jeme fata, kuma abin da yake ɗaure fatar akuya shi ne yake ɗaure dasashi mai jini. Awonta: kwanso uku a daka, a jiƙa a ludayi biyu na ruwa, a kurkure baki a tofar. Ta maimaita "a tofar" sau biyu, na ja masa layi.

Na shuka yakuwa layi biyu saboda zoɓo.

Alhamis, 22 ga Agusta

Daren Litinin jikin autana ya yi zafi rau. Ya wuce shekarun da ake bi gida-gida ana ba yara maganin rigakafin zazzaɓin damina, wanda yake na 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Gwaggo ta aiko jikarta da ganyen dogonyaro da na lemun tsami, ta ce a yi masa surace. Na karɓa na yi godiya na ajiye. Gari na wayewa na ɗora shi a kabu-kabu sai likitar unguwa. Suka soki yatsa, kafin minti ashirin layi biyu suka fito a jikin abin gwajin, alamar zazzaɓin cizon sauro ne. Aka ba shi Coartem, safe da yamma, kwana uku, aka ce ya sha da madara ko abinci mai maiƙo, kuma ko ya warke a ƙarasa.

Jiya na je Birni ina shirin shan faɗa. Ta tambayi jikin yaron, na faɗa mata gaskiya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Suracen fa?" Na ce na yi masa wanka da ruwan ganyen da ya huce, ya ji daɗin jikinsa, amma ban ba shi ya sha ba. Don in sanyaya mata rai na ba ta labarin inda ƙwayar ta fito. Na ce ita ma daga ganye aka ciro ta, wani dangin tazargade na ƙasar Sin. Wata mata mai suna Tu Youyou ce ta jagoranci aikin, suka ware sinadarin a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Da farko suna dafa ganyen yana ƙin aiki yadda ake so, sai ta gano a wani tsohon rubutun magabatansu cewa jiƙa shi ake yi, ba dafawa ba, zafi yana kashe ƙarfinsa.

Gwaggo ta gyara zama. "Jiƙawa? Kamar filasko?" Na ce kamar filasko. Ta ce, "To, wannan mata ta san aiki."

Na ƙara mata da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha shayin ganyen a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro ba, domin ƙarfin sinadarin yana bambanta daga ganye zuwa ganye. In ya yi kaɗan sai ya raunana ƙwayar cutar bai kashe ta ba, ta kuma koyi jure masa. Ban zaci za ta karɓi wannan ba, sai ga shi ita ce ta cika mini layi na huɗu da bakinta. Ta ce ko a da, akwai abin da ba ta taɓawa: yaron da ya fara jijjiga, wanda ya ƙi nono, wanda idonsa ya yi fari fat, wanda wuyansa ya sanƙare, da mai naƙudar da jini ya ɓalle mata. "Waɗannan ba nawa ba ne," in ji ta. Da sanƙarau ya ɓarke a jihar nan ƙarshen 2022, ita ce ta kori wata maƙwabciyarta zuwa likita da tsakar dare, matar na roƙonta jiƙo.

Na lura masu tallan magani da lasifika a bakin tasha ba su da wannan layi na huɗu. Kwalba ɗaya, ciwo arba'in, kuma ba ka taɓa jin sun ce "wannan ba nawa ba ne."

Alhamis, 5 ga Satumba

Shekaranjiya tsohon masallacin Birni ya rushe. Ginin ƙasa ne tun tsakiyar ƙarni na 19, ya ga sarakuna, ya ga zamanin da Damagaram take babban birnin ƙasa kafin a mayar da shi Yamai a 1926, ruwan bana ya kwantar da shi. Mutane sun tsaya cirko-cirko suna kallo, wasu na hawaye.

Ɗakin Gwaggo ma bangonsa ya tsage, soro na zuba. Maigida ya ce ba za ta sake kwana a ciki ba, muka kwaso ta zuwa gidanmu tana ta mita. Tukunyar da take ajiyar magani ruwa ya shiga. Na kwance ƙulli ashirin da uku, goma sha shida sun yi fumfuna, wasu har sun yi kore. Ta ce a shanya su za su dawo. Na ce rana tana busar da fumfuna amma ba ta cire dafinta, kuma hanta take ci. Muka yi ta ja. A ƙarshe ta ce in zubar, amma ba a gabanta ba. Kafin in zubar na sa ta faɗa mini sunan kowanne, na samu shida da ba su cikin littafi. A cikinsu har da saiwar nan ta huɗu da ta ɓace mata tun azumi, ƙamshinta ta ji ta tuna.

Asabar, 19 ga Oktoba

An ɗaga komawa lakwal zuwa 28 ga wata saboda ambaliya, don haka kullum da hantsi muna zaune da ita a gindin zogale, sikeli a tsakaninmu. Shafi talatin da ɗaya sun cika layi huɗu.

Amma yau kwana biyar ke nan ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Ƙanwata ta haihu, Gwaggo ta haɗa wa jaririya bauri, ni kuma na hana. Na ce wata shida nono zalla, ko ruwa ba a ba ta, balle jiƙon sassaƙe, kuma zumar da ake lasa wa jarirai ma sai an shekara. Cikin jariri bai iya ɗaukar abin da na babba yake ɗauka, ruwan jiƙon kansa yana iya kawo zawo, kuma duk cokalin da ya sha ya tare wurin nono ne. Ta ce, "Da shi na raini ubanki, da shi na raine ki. Kin mutu?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarki, Gwaggo." Akwai amsa a bakina, na haɗiye ta. Tara ta haifa, huɗu suka rayu, kuma ba ni da hujjar cewa bauri ne, zamanin ƙyanda ne da rashin rigakafi. Ba maganar da ake faɗa wa uwa ba ce.

Mun kuma taɓa batun kunun kanwa. Ban hana ba, na dai ce a rage kanwar sosai, don gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta wahalar da zuciyar mai jego. A nan ta ɗan sassauta, ta ce ita ma ta sha ganin masu jegon da ƙafa ta kumbura suna haki.

Na rubuta haɗin baurin a littafi yadda ta faɗa, don tarihi ne, na sa jan biro a sama na rubuta: ba a ba jariri. Ta ga jan rubutun ta tambayi autana me aka rubuta, ɗan banzan ya karanta mata.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

An shirya. Jaririyar ce ta shirya mu, ta yi ɓul-ɓul da nono kaɗai, Gwaggo na ɗaukarta tana cewa nonon gidanmu ne mai kyau.

Na tsinke zoɓo, ya ba ni kusan rabin tiya bayan ya bushe. Maigida yana da hawan jini, shekara uku yana shan ƙwaya. Abokansa na fada sun ce masa zoɓo ya isa, ya watsar da ita. Na raka shi awo na tambayi ma'aikaciyar likita a gabansa. Ta ce gaskiya ne zoɓo yana ɗan sauke jini, amma ɗan kaɗan ne, bai kai ya maye gurbin ƙwaya ba. Ya sha kofi ɗaya ba sukari, ya ci gaba da maganinsa, a riƙa aunawa, in ya ji jiri ya dawo. Ta ce in ina son in taimake shi da gaske, in duba gishiri da dunƙulen da nake jefa wa miya. Wannan ta same ni. Na rage daga uku zuwa ɗaya, na ƙara daddawa, ba wanda ya ce uffan sai babbar ɗiyata.

Zogale kuwa a inuwa nake shanya shi, cikin ɗaki a kan tabarma, kwana huɗu. Wanda na gwada a rana ya koɗe ya zama kamar tattaka. Ina zuba garin cokali guda a kunun yara bayan an sauke. A littafi na sa shi a babin abinci, ba na magani ba, Gwaggo kuma ta ce saiwarsa mai ciki ko kusa kada ta je.

Asabar, 14 ga Disamba

Hunturu ya shigo da ƙura, kowa na tari. Citta da kanumfari da lemun tsami muke ta sha, wannan ba ya buƙatar sikeli. Na'ana'a ta ƙone, ɗoɗɗoya ta yi iri na tara, lalle ɗaya ya kama. Famfo ya fara halinsa, na koma tarar ruwan alwala.

Shafi arba'in da huɗu. Bakwai daga ciki layin awo babu komai, don ganyensu sai damina, kuma ta ce ba za ta faɗi awon abin da ba ta riƙe a hannu ba. Akwai uku da ta ce kada in rubuta sam, a cikinsu har da zaƙami, ta ce wanda ya karanta bai ga yadda yake haukata mutum ba zai ɗauka wasa ne. Na bar shafukan da suna kawai.

Da la'asar na dawo daga lakwal na same ta a tsakar gida, sikeli a gabanta, tana tsakurar garin sabara tana ɗorawa tana leƙa lambar da ba ta iya karantawa. Ta sa autana yana faɗa mata. Sau biyar ta tsakura, sau huɗu lamba ɗaya ta fito. Ta ce na biyar ɗin iska ce. Batirin ya yi sanyi, gobe in na shiga Dole zan sayo wani, da kwalabe masu murfi guda goma.